Yadda Ake Zaɓen Kwamfutar Tebur Don Wasan Gem Da Ayyukan Yau Da Kullum

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kwamfuta, Farm Centre ta Kano ce, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja, ya san maganar da ake fara tarbarsa da ita: "Alhaji, wannan Core i7 ce, ba gem ɗin da ba ta ci." A kan wannan magana kuɗin mutane da yawa suka salwanta. Ba kowane mai shago ne macuci ba, da yawansu abin da aka faɗa musu suke maimaitawa. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, i7 sunan furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma shi kaɗai bai gaya maka komai ba. Akwai i7 da aka ƙera a 2012, akwai kuma i3 na 2022 da zai bar shi a baya nesa ba kusa ba. Kwamfutar wasa kuma ba furosesa ne ke ɗaukar mafi yawan nauyinta ba, katin hoto ne, wanda ke zana abin da kake gani a allo. Sannan a ƙasarmu akwai abin da ya zo gaban su duka biyun, wato wutar da za ta ci da zafin da za ta zauna a ciki.

Ga yadda nake bi idan wani ya ce in raka shi sayayya.

Mataki na farko: rubuta abin da za ka yi da ita

Ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta sunayen gem uku ko huɗu da ka tabbata za ka riƙa bugawa, ba waɗanda ka gani a YouTube suka burge ka ba. Mai buga eFootball da EA Sports FC da GTA V da Valorant buƙatarsa daban da ta mai son Cyberpunk 2077 ko Red Dead Redemption 2 ko sabon Call of Duty. Rukunin farko kwamfuta matsakaiciya ta ishe su, na biyu kuwa suna son kati mai ƙarfi da wurin ajiya mai yawa.

Kowane gem yana da shafinsa a Steam, kantin gem na intanet, ko a gidan kamfanin da ya yi shi, kuma a can ƙasa ana rubuta kayan da yake buƙata kashi biyu: mafi ƙarancin abin da zai sa ya buɗe, da abin da aka ba da shawara. Kashi na biyu za ka bi. Na farkon ma'anarsa gem ɗin zai tashi, amma zai riƙa sarƙewa har ya fita daga ranka.

A ƙasan wannan ka rubuta sauran ayyukan. In Word da Excel da bincike a intanet da Zoom ne kawai, duk kwamfutar da ta iya gem za ta yi su ba tare da ta ji a jikinta ba. In kuwa akwai CorelDRAW da Photoshop, ko tace bidiyo da Premiere ko CapCut, to RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, da wurin ajiya za su ƙaru, sai ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

Mataki na biyu: lissafin wuta, kafin lissafin komai

Nan ne masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba sa tsayawa, domin ba damuwarsu ba ce. Mu kuwa ita ce damuwarmu ta farko. Laftof tana da batir a cikinta, in aka ɗauke wuta ba ta sani ba. Kwamfutar tebur kuwa nan take take mutuwa, kuma mutuwar bazata a kai a kai tana lalata Windows, tana cinye aikin da ba a adana ba, wani lokaci ta taɓa ma'ajiyar kanta.

Kwamfutar wasa matsakaiciya, tare da allonta, tana jan wat 250 zuwa 300 lokacin da gem ke gudana. In rubutu kake yi ko kallon bidiyo, sai ta sauko ƙasa da wat 100. Manya masu katin alfarma suna haura wat 500. To yanzu yi lissafi da inbatarka. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan wat-awa 2,400, amma in mai ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha idan kana son ya yi ƙarko, saura 1,200, inbata kuma ta ci nata kaso. Ke nan wasan da bai cika awa huɗu ba zai kwantar da batirin, alhali ba a kunna fanka ko fitila ba. Da aikin ofis kuwa batirin nan zai kai ka sama da awa goma. In a mita kake, wasan awa huɗu kullum da wat 300 ya kama yunit 36 a wata, wanda a farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawa a Najeriya, a watan Afrilun 2024 ya haura naira dubu takwas.

Wannan lissafi shi zai nuna maka cewa katin da ya fi araha a shago ba lallai ne ya fi araha a gida ba. Zan dawo kan wannan.

Dole kuɗin UPS ya shiga cikin kasafin kwamfutar, kada a bar shi sai an samu sarari. Aikinsa ya riƙe ka na 'yan mintuna har ka adana aikinka ka kashe, ko har a tayar da janareta. Ka lura, lambar da ake rubutawa a jikinsa VA ce, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, ga kwamfutar wasa kuwa mai 1200VA zuwa 1500VA ya fi kwanciyar hankali. In da hali ka nemi wanda aka rubuta "pure sine wave" a kwalinsa, domin wasu na'urorin rarraba wuta na cikin kwamfutocin zamani ba sa jituwa da wutar ƙananan UPS, sai ka ga an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu duk da UPS ɗin yana kuka. In unguwarku wuta tana yawan yin ƙasa ko ta zo da ƙarfi, sitabilaiza ya shiga tsakani. Ƙaramin janareta kuma kada ka taɓa haɗa shi da kwamfuta kai tsaye.

Mataki na uku: sabuwa, haɗawa, ko ta hannu

Hanyoyi uku ne a gabanka.

Akwai sabuwa haɗaɗɗiya daga kamfani, irin su HP Omen da Victus, Lenovo Legion da LOQ, ko Alienware na Dell. Ba wahala, amma tsada, kuma wasu kamfanonin suna amfani da kayan ciki nasu na kansu da ba a canzawa da na kasuwa.

Akwai kuma ka sayi kayan ɗaya bayan ɗaya a haɗa maka. Ni wannan na fi so, domin ka san kowane abu da ke ciki, in wani ya lalace shi kaɗai za ka canza, kuma kana iya cakuɗawa: furosesa da RAM na hannu, na'urar wuta da ma'ajiyar SSD sababbi.

Ta uku ita ce hanyar mai ƙaramin ƙarfi, kuma babu abin kunya a cikinta. Ka sayi kwamfutar ofis 'yar Beljiyom, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, ka ƙara mata kati. Amma akwai tarko biyu. Na ɗaya, siraran nan da ake kira SFF ba kowane kati ke shiga cikinsu ba sai gajere, kuma na'urar wutarsu ƙarama ce, yawanci tsakanin wat 180 da 260, ba ta da igiyar ciyar da kati. Saboda haka katin da ke shan wuta daga ramin madabod (babban faifan da ake dasa duk kayan a kansa) kaɗai za ka nema, kamar GTX 1650 mai wat 75 ko RTX 3050 mai 6GB da ke jan wat 70. In ka samu doguwar, mai faɗin ciki, ta fi. Tarko na biyu shi ne shekaru. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama (yadda ake gane zubi yana mataki na biyar) ko na AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Ke nan OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 sun tsallake, 7050 da G3 kuwa sun faɗi. Masu shago suna iya cusa Windows 11 a kan tsohuwa ta bayan gida, za ta yi aiki, amma gem irin Valorant a kan Windows 11 yana duba TPM da wani tsaron da ake kira Secure Boot kafin ya buɗe. Yanzu da ofisoshin Turai ke zubar da tsofaffin, kasuwanninmu a cike suke da su. Araha ba ta ado.

Wani abu ƙarami da ya ƙona kwamfutoci da yawa: kayan da aka kawo daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, wasu tsofaffi suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tsakanin 220 ce da 230. In maɓallin yana kan 115 ka soka a bango, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Ka duba kafin ka soka.

Mataki na huɗu: katin hoto, inda kuɗin ya kamata ya tafi

In gem ne dalilin sayen, kusan kashi arba'in cikin ɗari na kuɗin akwatin kwamfutar a kan kati ya kamata ya tafi. Mutane suna yin akasin haka, su sayi i7 ko i9 su haɗa shi da katin da bai taka kara ya karya ba, sannan su yi mamakin me ya sa ƙwallo ke tsalle-tsalle a allo.

Ka koyi karanta lambar. A wajen Nvidia, lambobin farko zubi ne, biyun ƙarshe kuma matsayi. RTX 3060 zubi na 30 ne, matsayi na 60. RTX 4060 matsayinsu ɗaya amma ya fi shi sabunta. Matsayi na 50 shi ne ƙofar shiga, 60 matsakaici, 70 zuwa sama manya. AMD ma haka take tafiya, RX 6600 da RX 7600 'yan matsayi ɗaya ne a zubi biyu.

Yaudarar da ta fi kama mutane ita ce ta "gig". Mai shago zai ce maka "tana da dediketed gig huɗu", kai kuma ka ji huɗu ka saki jiki. Girman ma'ajiyar kati ba shi ne ƙarfinsa ba. GT 730 mai 4GB ba katin wasa ba ne, haka GT 710 da GT 1030, an yi su ne don nuna hoto a ofis. Kullum ka tambayi sunan katin cikakke. In ya kasa faɗa, a kunna ka gani da idonka.

Ga allo mai 1080p, wato Full HD, wanda shi ne yawancinmu ke amfani da shi, waɗannan su ne nake dubawa. GTX 1660 Super mai 6GB na 2019 har yanzu yana buga ƙwallo da GTA V lafiya lau, amma ya fara gajiya da sababbin gem. RX 6600 mai 8GB na 2021 yana jan wat 132, kuma a ganina yana cikin waɗanda suka fi biyan kuɗinsu a kasuwar kayan hannu. RTX 3060 mai 12GB, shi ma na 2021, yana jan wat 170, yawan ma'ajiyarsa na taimakon mai tace bidiyo. RTX 4060 mai 8GB na 2023, wanda ya fito a kan dala 299, wat 115 kawai yake ci. Sai RTX 5060 na 2025 mai wat 145, da Arc B580 na Intel mai 12GB da ya fito a Disambar 2024 a kan dala 249, sai dai shi wannan yana son sabuwar madabod mai Resizable BAR, kada ka sa shi a tsohuwar kwamfutar ofis.

Yanzu koma kan lissafin wuta. RX 580 mai 8GB ya cika kasuwa kuma yana da arha ƙwarai, amma katin 2017 ne, yana jan wat 185. RTX 4060 ya ninka shi ƙarfi, kuma ya rage wat 70. Ga mai sola da batir, wat 70 ɗin nan fankar ɗaki ce guda. Ga zafi kuma, domin duk wat ɗin da kati ya ci, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A yau kada ka sayi sabon kati da ma'ajiyarsa ta gaza 8GB, sai in siririyar kwamfutar ofis ce ta tilasta maka. In kana son allo mai 1440p, nemi 12GB zuwa sama.

Game da katin hannu, ka san tarihinsa. A watan Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, sai masu haƙar suka zubo dubban katuna kasuwa, musamman RX 570 da RX 580 da 'yan zubi na 30. Katin da ya yi haƙa ba dole ne ya zama matacce ba, amma ya yi shekaru yana aiki dare da rana, fankokinsa da man da ke sanyaya shi sun gaji. Akwai kuma na jabu tsantsa, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Yadda za ka kama su yana mataki na takwas.

Mataki na biyar: furosesa

Da ka zaɓi kati, furosesa ba ya da wuya. Mai ƙwayoyi (cores, sassan da ke raba aiki a cikinsa) shida na 'yan shekarun nan ya isa. A Intel, lambar da ke bayan ɗan layin ita ce zubi: i7-3770 zubi na 3 ne na 2012, i5-8500 zubi na 8, i5-12400 zubi na 12 na 2022. Tsakanin i7-3770 da i3-12100, duk ƙwayoyi huɗu ne, amma i3 ɗin ya fi shi gudu sosai, shekara goma ce a tsakaninsu.

Biyu ne nake yawan nuna wa mutane: Core i5-12400F da Ryzen 5 5600. Dukansu ƙwayoyi shida, dukansu wat 65 aka rubuta musu, kuma suna aiki da RAM nau'in DDR4. Harafin F a ƙarshen na Intel yana nufin ba shi da katin hoto na cikin gida, in ba ka sa kati ba allo ba zai kawo ba. Ryzen 5 5600 ma haka yake. In kuɗin kati bai cika ba tukuna, Ryzen 5 5600G yana da nasa a ciki, zai riƙe ka da ƙananan gem da aikin yau da kullum har ka tara.

Mai son ginin da zai daɗe ana ƙara masa ƙarfi ya duba Ryzen 5 7600 a kan gurbin AM5, sai dai DDR5 kaɗai yake karɓa. Waɗanda sunansu ya ƙare da X3D, kamar 7800X3D da 9800X3D, su ne sarakunan gem, amma sai katinka babba ne za ka ga amfaninsu. Manyan Intel na zubi na 13 da 14 kuma sun sami matsalar lalacewa da kamfanin da kansa ya amsa a 2024, ya fitar da gyara ta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod. Na hannu a cikinsu ni ba na kusantarsu, domin ba ka san abin da suka sha kafin gyaran ba.

Madabod ba ta ƙara gudu. Ka tabbata gurbinta ya dace da furosesan, tana da wurin SSD irin M.2, in da hali ramukan RAM huɗu. B550 ga Ryzen 5600, B660 ko B760 ga i5-12400F. Shi ke nan.

Mataki na shida: RAM da ma'ajiya

16GB, sanda biyu masu 8GB, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Biyun suna aiki tare ta hanya biyu, bambancin kuma ana jin sa a gem. Mai tace bidiyo ya je 32GB.

Windows kuma a kan SSD za ta zauna, wannan babu ciniki. Tsohon hadis mai juyawa yana karanta abin da bai wuce megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa ba, SSD na SATA kusan 550, na NVMe kuwa daga 3,500 zuwa 7,000. Wanda ya saba jiran kwamfuta minti biyu kafin ta tashi zai ga bambancin ranar farko. Nemi 1TB. Manyan gem da yawa sun haura 100GB kowanne, mai 256GB gem biyu ne ya cika. Tsohon hadis yana da amfaninsa wajen ajiye hotuna da bidiyo.

Mataki na bakwai: na'urar rarraba wuta, akwati da allo

Na'urar rarraba wuta, wadda masu gyara ke kira fawa-fak, ita ce wurin da mai haɗa maka zai so ya rage kuɗi, domin ba a ganin ta, ba a kuma yin alfahari da ita. Kada ka yarda. Ita ce ke tsaye tsakanin wutar bango da duk dukiyar da ka zuba. Na ga kwamfutar wani ƙanena da ta tafi da madabod da kati a dare ɗaya, aka kawo wuta da ƙarfi, fawa-fak marar suna da aka saka masa ta kasa tarewa. Nemi ta kamfanin da aka sani, Seasonic ko Corsair ko Cooler Master ko be quiet!, mai tambarin 80 Plus Bronze zuwa sama. Wat 550 zuwa 650 ya ishi duk katunan da na ambata. Ɗaga ta a hannunka, ta ƙwarai tana da nauyi, wadda aka rubuta wa wat 700 ka ji ta shafal kamar gwangwani, ajiye ta. Wannan ita ce abu ɗaya da ban yarda a saya na hannu ba.

Akwati kuma, samari suna son mai gilashi ta gaba da fitilu masu canza launi. A ƙasar zafi, mai raga ta gaba za ka nema, da fanka biyu masu shigo da iska da ɗaya mai fitarwa ta baya, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Fitilu ba sa ƙara wa gem gudu ko kaɗan.

Allo mai inci 24, 1080p, nau'in IPS, mai sabunta hoto sau 144 ko 165 a daƙiƙa, shi ne daidai da waɗannan katuna. In ka haɗa kati mai kyau da tsohon allon ofis mai 60, rabin abin da ka saya ba za ka gani ba. Ka tabbata yana da HDMI ko DisplayPort, domin sababbin katuna ba su da ramin VGA mai shuɗin kai. Talabijin ma yana yi, musamman ga ƙwallo da abokai, amma ka kunna masa yanayin gem don rage jinkiri.

Yawancin kwamfutocin tebur ba sa zuwa da Wi-Fi. Ko ka sayi madabod mai shi, ko ɗan ƙaramin na USB, ko ka ja waya daga rauta, wadda ita ce ta fi ga wasan kan layi. Kibod da linzami matsakaita sun isa. Hannun Xbox yana aiki da Windows kai tsaye, na PlayStation kuma ta hanyar Steam.

Mataki na takwas: gwaji a shago, kafin kuɗi ya bar hannunka

Kada ka yi cinikin biri a sama. Tun daga gida ka zuba waɗannan manhajoji a filas, duk kyauta ne: CPU-Z, GPU-Z, CrystalDiskInfo, HWiNFO da FurMark. Ka ce wa mai shago da ladabi, "Malam, zan gwada kafin in biya." Mai kayan ƙwarai ba ya jin haushin wannan, har kujera zai ba ka. Wanda ya fara cewa babu wuta ko sauri yake yi, ka yi masa sallama.

Ka fara da CPU-Z, ka ga sunan furosesa cikakke da zubinsa, ka duba RAM ko sanda biyu ne. Sitikar da ke jikin akwati ba shaida ba ce. Sai GPU-Z, ka karanta sunan kati da girman ma'ajiyarsa. Yawancin na jabu yana rubuta musu FAKE a gaban sunan. Ga RX 580, duba yawan ƙwayoyinsa: na asali 2304 ne, in ka ga 2048 to ƙaramin ne, ƙarfinsa na RX 570, a kuɗin 570 ya kamata a sayar maka.

CrystalDiskInfo zai nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce. In aka ce sabuwa ce ka ga awa 20,000, ta yi sama da shekara biyu tana aiki. In ya nuna launin rawaya ko ja, a canza ta nan take.

Daga nan ka kunna FurMark ya wahalar da katin minti goma sha biyar, HWiNFO yana buɗe a gefe yana nuna maka zafinsa. Kati mai lafiya zai hau ya tsaya, yawanci ƙasa da digiri 85. Ka zuba ido a allo: ɗige-ɗige masu launi, layuka, allo ya yi baƙi ya dawo, ko kwamfutar ta mutu da kanta, kowanne a cikinsu ya isa ka fasa. Ka kasa kunne ga fanka, ƙarar gurnani ko karkarwa alamar ta kusa. Bayan haka a kunna gem na gaske, wanda ke cikin takardarka, ka buga minti goma da hannunka.

Sa a buɗe murfin gefe. Duba sunan fawa-fak, duba tsatsa, duba kan kusoshin kati ko sun sha sukundireba. Gwada kowane ramin USB da na sauti. Allon kuma ka cika shi da fari, sannan baƙi, ka nemi ɗigon da ya mutu.

Rasit ya ɗauki sunan kowane abu da lambarsa ta musamman, da kwanakin garanti a rubuce. "Kawo kawai in ta ba da matsala" magana ce ta baki, ranar da ka dawo ana iya cewa yaron da ya sayar maka ya bar shagon.

Mataki na tara: ranar da ta iso gida

Igiyar allo a jikin katin hoto ake soka ta, ramukan da ke can ƙasa a kwance, ba na madabod da ke sama ba. Mutane da yawa sun yi watanni suna zagin kati alhali ba shi ke aiki ba. Shiga saitin allo na Windows ka ɗaga shi zuwa 144 ko 165, domin sau da yawa a kan 60 yake zuwa. Shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO a sababbin AMD, don RAM ta yi gudun da aka rubuta mata. Direban kati, wato manhajar da ke sa shi aiki, daga gidan Nvidia ko AMD ko Intel za ka sauke.

Gem ɗin sata da ake lodawa a shago, ka yi tunani sau biyu. Kwamfutar nan da ita za ka shiga banki da imel da Facebook, kuma ta irin waɗannan gem ake yawan cusa manhajar satar kalmar sirri. eFootball da Valorant da Fortnite da Counter-Strike 2 kyauta ne, Epic Games tana ba da gem kyauta duk mako, Steam kuma tana karya farashi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. Manyan saukewa ka bar su sai dare in layinka yana da garaɓasar dare.

Ɗora akwatin a kan tebur ko benci, kada ya zauna a ƙasa ko kan kafet, ka bar masa tazarar taƙi ɗaya daga bango. In tana aiki kada ka rufe ta da ƙyalle, in ta huce kuwa rufe ta. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana toshe raga cikin 'yan makonni, saboda haka ka wanke matata duk mako biyu, duk wata biyu kuma ka cire ta daga wuta ka fitar da ita tsakar gida ka hure da buluwa, kana riƙe da fikafikan fanka da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima. A lokacin hunturun jiki yana tara wutar nan da ke kama mutum in ya taɓa ƙofar mota, don haka ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu kan RAM ko kati. Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, zare filogi daga bango gaba ɗaya, har da wayar intanet.

In garantin kwana bakwai aka ba ka, a cikin kwanakin nan za ka ba ta wahala. Buga gem mafi nauyi da kake da shi awa biyu ko uku a jere, da tsakar rana lokacin da ɗaki ya fi zafi, HWiNFO yana buɗe. Bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM a daren da kake da tabbacin wuta. Kwalaye da rasit kuma ka ajiye su wuri ɗaya, in wani abu ya nuna alama ka mayar tun ranar biyar ko shida, kada ka jira ta bakwai.